"Thusly": Tambayoyi da Amsoshi kan Kalmar Turancin da Aka Haifa cikin Raha

Mai yawan karanta rubutun Amurkawa zai riƙa cin karo da "thusly" jefi-jefi, a sharhin jarida, ko a takardar bayanin yadda ake haɗa wata na'ura, ko a bakin ɗan wasan barkwanci. Da yawa kan ɗauka kuskuren bugu ne. Wasu kuma, musamman masu son a ce sun iya, sai su tsince ta su ƙara a dogon Turancinsu, su yi ta cusa ta inda ba ta shiga. Ga amsoshin tambayoyin da ɗalibai da masu fassara suka fi yi a kanta.

Mene ne ma'anar "thusly"?

Ma'anarta "kamar haka" ko "ta wannan hanya". Bayanau ce, wato irin kalmar da ke faɗin yadda aka aikata abu. Idan ɗan jarida ya rubuta "The governor replied thusly:" sannan ya kawo maganar gwamnan, abin da yake cewa shi ne gwamna ya ba da amsa kamar haka. Idan mai koyar da girki ta ce "Fold the dough thusly" tana motsa hannunta a gaban kyamara, so take a naɗe kwaɓin fulawar yadda aka ga tana yi. Iyakar ma'anarta ke nan. Duk surutun da ake yi a kanta ba kan ma'ana ba ne, kan ko ta cancanci zama a rubutu ne tun farko.

Mene ne haɗinta da "thus"?

"Thus" ita ce uwar. Tana cikin tsofaffin kalmomin harshen, don ana amfani da ita tun zamanin Tsohon Turanci, sama da shekara dubu da suka wuce, lokacin da ake rubuta sautin farkonta da wani harafi guda mai suna "thorn" wanda Turancin yau ya yar. Masu fassarar Baibul ta Sarki James, wadda ta fito a 1611, sun yi ta maimaita ta a cikin "Thus saith the Lord", wato haka Ubangiji ya ce, kuma wannan na daga cikin abin da ya sa har yau kunnen Bature ke jin ta da wani nauyi da kwarjini.

Aiki uku take yi. Na farko, nuna yadda abu ya kasance: "He spoke thus", haka ya yi magana. Na biyu, nuna sakamako, daidai da "saboda haka" namu; wanda ya yi lissafi a sakandare ya saba ganin ta a layin ƙarshe, inda malami zai rubuta "thus x = 4" a allo ya ja layi biyu a ƙasa. Na uku, nuna iyaka, a cikin "thus far", wato zuwa yanzu.

"Thusly" ta gaji aikin farko kawai. Wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci a riƙe a duk wannan shafi.

To in "thus" bayanau ce tun asali, me ya kawo "-ly" a bayanta?

Nan ne gizo ke saƙa. A Turanci, hanyar da aka fi sani ta mayar da sifa bayanau ita ce a liƙa mata ɗafa-ƙeyar "-ly": "quick" ta zama "quickly", "careful" ta zama "carefully". Ita "thus" ba sifa ba ce, ba ta kuma taɓa zama ba, saboda haka ba ta bukatar a mayar da ita abin da take tuntuni. Liƙa mata "-ly" tamkar mutum ya gama naɗa rawani ne sannan ya ɗora hula a kansa.

Masana harshe suna da suna ga irin wannan, kuma ma'anarsa gyaran da ya wuce gona da iri. Mutum ya koyi doka, an sha yi masa gyara a kanta, sai tsoron kuskure ya sa ya kai dokar har inda ba huruminta ba. Mu ma mun san shi a bakinmu. Hausa ba ta raba "p" da "f" yadda Turanci ya raba su, don haka yaron da aka matsa wa cewa ya daina ce wa "people" "fiful" kan zarce, ka ji ya koma kiran "fifty" da "p". Bai yi haka don jahilci ba, ƙoƙarin kiyaye doka ne ya kai shi.

Wa ya ƙirƙiro ta, kuma yaushe?

A Amurka aka haife ta, a tsakiyar ƙarni na 19. Ƙamus na Merriam-Webster ya sa 1865 a matsayin shekarar farko da aka san an gan ta a rubuce, shekarar da yaƙin basasar ƙasar ya ƙare. Abin da ya bambanta ta da sauran kurakuran Turanci shi ne, bisa ga dukkan alamu, ba marasa ilimi ne suka fara ta ba. Marubutan barkwanci ne, mutanen da suka san nahawu sarai, suka ɗora ta a bakin wanda bai yi nisa a karatu ba amma yake son a ji shi kamar shehin malami.

A wancan zamani wannan salo yana tashe ƙwarai. Akwai Henry Wheeler Shaw, wanda aka fi sani da Josh Billings, ya rayu daga 1818 zuwa 1885, ya yi suna da karya ƙa'idar rubutu da gangan. Akwai kuma Charles Farrar Browne, wanda duniya ta sani da Artemus Ward. An haife shi a jihar Maine a 1834, ya yi aikin jarida a Cleveland, ya mutu a Southampton ta Ingila a 1867 yana ɗan shekara 32. Shi ne mai tambayar nan da ta shahara, "What is the reason of this thusness?", inda ya ɗauki "thus" ya liƙa mata ɗafa-ƙeyar suna don a yi dariya, kamar a ce mene ne dalilin wannan hakantakar. Ka ga wasa da wannan ƙaramar kalma abu ne da aka saba da shi a lokacin.

Kada a raina mutanen nan. Shugaba Abraham Lincoln yana daga cikin masu karanta Artemus Ward, har ma a Satumban 1862, ranar da zai gabatar wa ministocinsa shelar 'yanta bayi, sai da ya fara karanta musu wani ɗan labarin barkwancinsa. Rubutun da ya kai fadar shugaban ƙasa ya kai kowane lungu. Masu karatu suka yi ta ganin irin waɗannan kalmomi, wasu suka gane ba'a ce, wasu ba su gane ba, kuma a hannun waɗanda ba su gane ba ne "thusly" ta shiga rubutun gaske.

Kalma ce ta gaske? Wani malaminmu ya ce ba ta cikin ƙamus.

Tana ciki. Merriam-Webster ya kawo ta, American Heritage ya kawo ta, ƙamusoshin Oxford ma sun kawo ta, tare da alamar cewa ta maganar yau da kullum ce, ba ta rubutun hukuma ba. Mai yiwuwa malaminku ƙaramin ƙamus na 'yan makaranta ya duba, irin wanda ake tsame kalmomin da ba a cika bukata ba.

Sai dai shigar kalma ƙamus ba yabo ba ne. Aikin masu ƙamus shi ne su rubuta abin da mutane ke faɗa da rubutawa, mai kyau da marar kyau. Ai zagi ma yana ciki. Tambayar da ta fi amfani ita ce: idan na rubuta ta, yaya mai karatu zai ɗauke ni?

To yaya zai ɗauke ni? Me masana suka ce?

Mafi yawansu ba su ƙaunarta, kuma akwai alƙaluma a kan haka. Bayan fitowar babban ƙamus na Webster bugu na uku a 1961, an yi ta ce-ce-ku-ce a Amurka cewa ya yi sake, ya buɗe ƙofa ga kowace irin kalma ba tare da gargaɗi ba. Martanin wannan ne ya haifar da ƙamus na American Heritage, wanda ya fito a 1969. Masu shi suka kafa wani kwamiti na marubuta da editoci da malaman jami'a, ana aika musu jimloli su ce sun karɓa ko ba su karɓa ba. Da aka tambaye su kan "thusly" a 1966, gagarumin rinjaye suka ce ba su yarda da ita ba. Aka sake tambaya a 2002, bayan kusan shekara arba'in, aka ba su jimlar da ke cewa wani ya rufe wasiƙarsa ga edita "thusly". Kashi 86 cikin ɗari suka ƙi ta.

Bryan Garner, lauya kuma marubucin ɗaya daga cikin littattafan salon Turanci da editocin Amurka suka fi dogara da su, ya jefa ta cikin rukunin da yake kira kalmomin da ba kalmomi ba. Hujjarsu duka ɗaya ce: "thus" ta wadatar, ƙarin ba ya ƙara komai sai nuna cewa marubucin bai san matsayin kalmar da yake riƙe da ita ba.

Babu wanda ya tsaya mata ke nan?

Akwai, kuma a ganina hujjarsu ta fi ta masu suka ƙarfi, ko da yake ba ita ke cin kasuwa ba. Littafin Merriam-Webster na yadda ake amfani da Turanci, wanda ya fara fitowa a 1989, ya bi misalan da aka tattara daga jaridu da littattafai, ya lura cewa marubuta ba sa jefa "thusly" ko'ina. Wuri ɗaya suka fi sa ta: bayan aikatau, daf da inda za a kawo maganar wani ko a nuna misali. Daga nan editocinsa suka yanke cewa, duk da asalinta na ba'a, ta zama bayanau mai cin gashin kanta da aikinta na musamman.

Akwai dalilin da ya sa hakan ta faru. Da yake "thus" tana ɗauke da ma'ana biyu manya, kuma ma'anar "saboda haka" ta fi yawa a rubutun zamani, sai ɗaya ma'anar ta fara jin tsufa. Ba'amurken yau idan ya rubuta "She explained it thus:" yakan ji kamar yana wa'azi a coci a ƙarnin da ya wuce. Kunnensa kuma ya saba da jin "-ly" a ƙarshen bayanau mai faɗin yadda aka yi abu, irin su "clearly" da "briefly". Sai hannunsa ya kai ga "thusly". Wato harshen ya ɗauki abin da aka yi don dariya ya toshe wata 'yar kafa da shi.

Amma a lura, bayyana dalilin da ya sa mutane ke yin abu daban ne da ba da shawarar a yi shi. Edita ko mai duba jarrabawa ba zai tsaya ya yi maka wannan uzuri ba.

Zan iya sa "thusly" duk inda "thus" take?

A'a. Duba waɗannan:

"The road was closed; thus we turned back." An rufe hanya, saboda haka muka juyo. A nan sakamako ake nunawa. Idan ka sa "thusly", ko waɗanda ke kare kalmar za su yamutsa fuska.

"Thus far, nobody has complained." Zuwa yanzu ba wanda ya yi ƙorafi. Babu "thusly far" a Turanci ko kaɗan.

"Prices fell, thus helping the poor." Farashi ya sauka, abin da ya taimaki talaka. Nan ma gurbin "thus" ne ita kaɗai.

Amma a juya lamarin: duk inda "thusly" ta zauna daidai, "thus" za ta iya zama. Wanda bai taɓa rubuta "thusly" ba a rayuwarsa bai rasa komai ba.

Yaya ake furta ta?

Gaɓa biyu ce, an fi danna ta farko. Wasalinta irin na "bus" ne, ba irin na "use" ba. Wahalar tana sautin farko, wanda yake daidai da na farkon "this" da "that". Da yawa daga cikinmu kan mayar da shi "z", mutanen kudancin Najeriya kuma kan mayar da shi "d". Wanda ya yi karatun allo yana da sauƙi a nan, don sautin zalun ne na Larabci idan an fitar da shi daga mafitarsa: a sa bakin harshe a gefen haƙoran sama na gaba, a bar iska ta wuce da murya.

Malam, idan na rubuta ta a WAEC ko NECO, za a rage mini maki?

Kada ka gwada. Turancin da ake koyarwa a makarantun Najeriya da Gana a kan na Birtaniya aka gina shi, kuma "thusly" ba 'yar can ba ce. Mai duba takardar insha'i yana ba da maki a kan abin da ka faɗa, da tsarinsa, da yadda ka sarrafa harshe, da tsabtar rubutu daga kurakurai. Yana da tarin takardu a gabansa da jan biro a hannu. Idan ya san kalmar, ya san ba ta rubutun hukuma ba ce. Idan bai san ta ba, zai ɗauka ka ƙirƙiro ta ne. Ko ta wace hanya ba ka ci riba ba.

Haka abin yake a IELTS, jarrabawar Turanci ta masu neman karatu ko aiki a ƙasashen waje, duk da cewa a can ana karɓar ƙa'idar rubutun Amurka da ta Birtaniya. Matsalar ba ta ƙasa ba ce kawai, ta muhalli ce. Rubutun jarrabawa, takardar neman aiki, kundin digiri da wasiƙar ofis duk suna son harshe mai kamun kai.

To me zan sa a madadinta?

Idan za ka kawo maganar wani ko jerin abubuwa, "as follows" ta fi kowace dacewa a rubutun hukuma. Idan kana nuna yadda ake yin abu, "like this" ko "this way" sun isa, kuma su ne Bature da kansa ke faɗa a kicin ko a gareji. "In this way" tana tsakiya. Sau da yawa ma ba ka bukatar komai: "The governor replied:" ta riga ta cika, ruwa biyun da ke bayanta, wato ɗigon nan biyu ɗaya bisa ɗaya, ya yi aikin.

Ashe ba kowace bayanau ce ke ƙarewa da "-ly" ba?

Ko kusa. Wannan zato shi ne tushen matsalar gaba ɗaya, don haka bari mu ɗan daɗe a kansa.

Bayanau da aka fi amfani da su a Turanci ba su da "-ly": "now", "then", "here", "soon", "often", "never", "well". Akwai kuma waɗanda siffarsu ɗaya ce ko suna aikin sifa ko na bayanau, kamar "fast". Ana cewa "a fast car", ana kuma cewa "he drives fast". Dalilin yana cikin tarihi. A Tsohon Turanci ana mayar da sifa bayanau ta hanyar ƙara mata wasalin "e" a ƙarshe. Da tafiya ta yi nisa aka daina furta wasalin, sai sifar da bayanau ɗin suka koma kama ɗaya. Ita kuwa "-ly" daga wata tsohuwar kalma ta fito mai nufin jiki ko siffa, 'yar'uwar "like" ta yau, kuma sannu a hankali ta mamaye fagen.

Wani lokaci ƙara "-ly" kan juya ma'ana gaba ɗaya. "He works hard" yabo ne, mutum ne mai ƙwazo. "He hardly works" suka ce, da ƙyar yake taɓa aikin. Wanda ya rubuta ta biyun a takardar shaidar ma'aikacinsa yana nufin ta farko ya kashe shi da hannunsa. "Late" a makare ne, "lately" kuwa kwanan nan. "Near" kusa, "nearly" saura kaɗan.

Sannan ga kishiyar: "friendly", "lovely", "lonely" da "silly" duk suna da "-ly" amma sifofi ne. Ɗafa-ƙeyar ba ta isa ta gaya maka aikin kalma ba, sai ka duba zamanta a cikin jimla.

Tana da 'yan'uwa irinta?

Tana da su da yawa, kuma kowace da ƙaddararta. "Firstly" ta sha suka a ƙarni na 19. Thomas De Quincey, wani marubucin Ingila, na cikin waɗanda suka yi mata ba'a, suna cewa "first" ta wadatar. H. W. Fowler, a littafinsa na salon Turanci na 1926, ya ɗauki wannan ƙyama a matsayin tsaurin ido na malamai kawai. Yau "firstly" ta zauna daram, musamman a Birtaniya, har ana koya wa yara su buɗe sakin layi da ita. "Seldomly" da "muchly" kuwa ba su samu wannan sa'a ba, har yanzu a bakin ƙofa suke. "Doubtlessly" tana yawo gefen "doubtless" ba a cika tanka mata ba.

Mu ma a nan muna da namu, kuma shi ya sa ba na son jin ɗan Najeriya yana yi wa Amurkawa dariya kan "thusly". Buɗe jaridun Turanci na Legas ko Abuja ka ga yadda "outrightly" ke yawo: an yi watsi da buƙata "outrightly", an musanta zargi "outrightly". Alhali "outright" bayanau ce da kanta, ciwon ɗaya ne sak. Ga kuma "severally". A Turancin Birtaniya ma'anarta kowa daban-daban, kamar yadda lauyoyi ke cewa "jointly and severally" idan bashi ya hau kan mutane a tare da kuma ɗaiɗaiku. A Najeriya kuwa ta koma nufin sau da yawa: na kira shi "severally" bai ɗauka ba. An daɗe ana kiran wannan kuskure, sai ga shi a Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da wannan ma'ana cikin jerin kalmomin Turancin Najeriya, tare da "okada", "danfo" da "Kannywood". Abin da jama'a suka nace a kai, ƙamus kan bi su daga baya. Amma ba ya nufin Bature a Landan zai fahimce ka idan ka rubuta masa ita.

Ina aikin fassara. Yaya zan juya ta zuwa Hausa?

A labarin jarida ko rahoto, "kamar haka" ta gama magana, ko "ga abin da ya ce", ko ma "ya ce" kawai. Kada ka taɓa juya ta da "saboda haka" sai in ka tabbata marubucin ya yi amfani da ita ne a gurbin sakamako, wanda kan faru a rubutun da ba a tace ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: dubi abin da ke biye. Idan magana ce aka ɗauko ko misali, "kamar haka" ce. Idan abin da ya biyo baya ɗa ne ga abin da ya gabata, "don haka" ce.

Inda aikin ke da wuya shi ne a fim ko labarin ƙirƙira, lokacin da aka sa kalmar a bakin wani don a nuna yana da iyayi. A nan "kamar haka" za ta kashe dariyar, domin a Hausa ba ta da wani nauyi. Sai ka nemo abin da mai iyayi ke yi da Hausa: ya kauce wa "haka" ya ce "bisa wannan siga", ko ya jero kalmomin Larabci inda magana ɗaya za ta wadatar. Halin mai maganar kake fassarawa, ba kalmar ba.

Akwai ƙa'idar alamomin rubutu da ke tafiya da su?

"Thusly" kusan kullum ruwa biyu ke bin ta, wato ɗigon nan biyu ɗaya bisa ɗaya, sannan maganar da aka ɗauko. Kuskuren da ya fi yawa yana wajen "thus". Ba mahaɗi ba ce irin "and" ko "so", don haka waƙafi shi kaɗai ba ya isa ya haɗa cikakkun jimloli biyu da ita. "He was late, thus he missed the exam" editoci za su ja mata layi. Sai dai a sa aya a fara sabuwar jimla, ko a sa waƙafi mai ruwa kafin "thus", ko a ce "and thus".

Akwai lokacin da amfani da ita ya dace?

Akwai: lokacin da kake so a ji ba'a. Har yau ba ta rabu da warin asalinta ba, kuma marubutan da suka san haka suna cin moriyarsa. A shirin barkwanci na talabijin ɗin Amurka mai suna The Big Bang Theory, wanda aka nuna daga 2007 zuwa 2019, akwai wani masanin kimiyya mai ji da kai, Sheldon Cooper, wanda ya sanar da abokansa cewa ya gaji da faɗin "I told you so", ai na gaya muku, don haka daga yanzu zai riƙa cewa "I informed you thusly". Dariyar tana cikin yadda ya ɗauki maganar yara ya yi mata ado da kalmar da yake ganin ta manyan malamai ce. Aikin da aka ƙirƙiro ta dominsa a shekarun 1860 shi take yi a wurin.

Saboda haka a saƙon WhatsApp ga abokin da ya san Turanci, ko a rubutun raha, ba laifi. Sharaɗin shi ne mai karatu ya gane da gangan ka yi. Wannan sharaɗi ya fi wuya ga wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne, domin abin da za a ɗauka gwaninta ce daga Ba'amurke, daga gare ka sai a ɗauka rashin sani ne. Ba adalci ba ne, amma haka masu karatu suke.

Maigidana a ofis ya sa ta a wasiƙar da ya ba ni in buga. In gyara masa?

Dubi inda ya sa ta tukuna. Idan kafin a kawo magana ce ko jerin sharuɗɗa, kuma wasiƙar cikin gida za ta tsaya, ka bar masa abinsa, ma'ana ta fita. Idan a gurbin "saboda haka" ya sa ta, ko wasiƙar za ta je wata hukuma ko ƙasar waje, to ya kamata a taɓa ta. Ba sai ka ce masa ya yi kuskure ba. Ka kai masa takardar ka ce, "Ranka ya daɗe, nan wurin in mayar da shi 'as follows' ne, yadda muka saba a sauran wasiƙun?" Idan wurin sakamako ne, ka ambaci "therefore". Galibi zai ce ka sa, ya ci gaba da abin da yake yi.